Ƙanƙara, Wuta da Ƙafar Ɗan Dako

Idan rana ta karya da yamma a Gawon Nama, nan Sakkwato, samari kan cika bencin da ke gaban rumfata, inda nake sayar da takalman gwanjo, ina kuma ɗinke waɗanda suka yage. Ba ciniki ke kawo su ba, inuwa ce da hira. Ɗaya zai ciro waya ya nuna wa sauran hoton wani dutse fari tas, da wani Bature a ƙololuwarsa ya buɗe hannuwa yana dariya. Sai ka ji suna cewa, "Kai, wanga aiki ai daɗi! Ba rana, ba zuhwa, a biya ka ka sha iska." Sun san na yi dako a irin wannan dutse a ƙasar Maroko, don haka sukan tsokane ni: "Baba Sani, mi ya maido ka cikin wanga zahi?"

Da can ɗinkina kawai nake ci gaba da yi. Amma bana Nasiru, ɗan aminina Bawa, ya ɗaura niyyar zuwa yin wannan sana'a. Magidanci ne, da matarsa da 'yarsa, ba ni da ikon hana shi. Abin da nake so kawai ya dawo da ƙafafunsa yadda ya tafi da su. Ɗan dako ba shi da jari sai ƙafa, dutsen kuwa ita yake fara nema.

Ni littafi ne ya kai ni. Ina saurayi a Unguwar Rogo, babu ɗan littafin soyayya da zai shigo kasuwa ban yi hayarsa ba. A cikinsu na fara gamuwa da dusar ƙanƙara. Saurayi ya tafi karatu ƙasar waje, ya tsaya bakin taga, tana zubowa a hankali kamar audugar rimi, masoyiyarsa ta zo ta bayansa ta yafa masa mayafi. Masu rubutawar ba su taɓa ganinta ba, mu masu karantawa haka, muka taru muka yarda abu ne mai taushi. Bawa ya girme ni, kurar ruwa yake turawa a unguwarmu, shi ya laƙaba mini Sani Soyayya. Da ya tashi tafiya neman abin kansa na bi shi. Turai muka nufa, teku ta tare mu, guzuri ya ƙare, muka gangara wani ƙauye a gindin duwatsun Atlas inda aka ce ana neman masu ɗaukar kaya lokacin sanyi.

Da rani alfadarai ke kai kayan baƙi har masaukin da ke can sama, wani gida na dutse inda masu hawa ke kwana kafin su nufi ƙololuwa. In ƙanƙara ta sauka, alfadari yakan tsaya daidai inda ta fara, ko kashe shi za ka yi ba zai ƙara taku ba. Daga nan sai bayan ɗan Adam. Abin da dabba ta ƙi, shi muka je yi.

Kayan da na fara ɗauka tukunyar gas ce. Na naɗe rawanina na yi gammo, na aza ta a ka kamar yadda kowane ɗan Sakkwato zai yi. Ubangidanmu Lahsan, ɗan ƙauyen, wani gajere mai jagorantar baƙi, ya tsaya yana kallona. Ban yi nisa ba santsi ya kwashe ni, tukunyar ta gangara tana ƙara har cikin kwari. Shi ya sa na sauka na ɗauko ta. Da na dawo ina haki ya ɗaura mini ita a baya da igiya, ya nuna hannuwana biyu, ya ce da ɗan Larabcin da muke jin juna da shi, "Waɗannan na ceton ranka ne, ba na riƙon kaya ba." Ni kaɗai ke jin Larabci a cikinmu, na makarantar allo, don haka duk abin da Lahsan ya faɗa ni ke juya wa Bawa.

Kayan aikin ba su da yawa, amma kowanne da haƙƙinsa. Akwai haƙoran ƙarfe da ake ɗaura wa takalmi a ƙasa don su ciji ƙanƙara. Mai sanye da su dole ya tafi a tale kamar yaron da aka yi wa kaciya, in ba haka ba haƙorin wannan ƙafa ya kama wandon waccan, ya tafi da kai. Akwai ɗan gatari mai dogon baki, wanda in ka zame za ka kifa a kansa da ƙirji ka kafa shi, tun kafin ka gama salati. Akwai baƙin tabarau. Bawa ya ƙi sa shi da farko, ya ce shi ba mawaƙi ba ne. Hasken ƙanƙara ya dafa masa ido, ya kwanta ɗaki yana hawaye kamar an watsa masa barkono. Akwai busasshiyar safa da kake ɓoyewa cikin riga, a jikin fatar cikinka, don ta zauna da ɗumi. Sama da duka akwai takalmi. Takalmin dutse sai yatsu suna wasa a cikinsa. Wanda ya matse ka kabari ne ka sa da hannunka. Mu kuwa ba saye muke ba, abin da baƙi suka bari muke sawa.

Wata rana muna hutawa a gindin wani falalen dutse Lahsan ya koya mini dokar ƙafa. Ya ce muddin tana ciwo tana da rai, ka gode Allah. Ranar da ciwon ya ɗauke, ka ji tsoro. In ka cire takalmi ka ga yatsu sun yi fari sun yi tauri, kada ka murza, kada ka kai su kusa da wuta. Ka sa su cikin rigar ɗan'uwanka, a cikinsa ko hammatarsa, ko a ruwa mai ɗan ɗumi wanda jariri zai iya wanka da shi. In kuma sun narke, kada ka sake taka su a ƙanƙara, sai dai a ɗauke ka. Na juya wa Bawa duk wannan. Ya yi dariya har yana buga cinya.

"Sanyi ya kama mutum a ce kar ya ji wuta? To don mi anka yi wutar? Gaya mashi mu ma muna da sanyi garinmu, karan dawa muka hurawa, ba wanda ya mutu."

Baƙin kuwa iri-iri ne. Akwai masu gaishe ka, akwai masu kallonka kamar jaka mai ƙafafu. Abin da ban gane ba har yau shi ne mutum ya bar gadonsa da matarsa, ya biya a kai shi inda zai sha wuya, sannan ya kira abin hutu. Suna tafe da 'yar jaka kamar ta ɗan makaranta, mu muna bayansu da abincinsu da barguna da gas ɗin dafa musu shayi. In an zo wuri mai kyau sai su yi maka murmushi su ce ka ɗan matsa, za a ɗauki hoto. Shi ya sa duk hotunan da kuke gani a wayoyinku dutsen ba kowa sai Bature. Muna nan, an ce mu matsa ne.

Shekarar da ta karya ni ƙanƙara ta sauka fiye da kima, hanyar mota ta toshe, baƙi suka ɗauke ƙafa. Burodi da shayi muke ci, ganyen shayin ma sai an maimaita shi har ya daina ba da launi. A wannan shekarar takalmina na kirki ya rabu da tafinsa. Wanda ya rage a ɗakin 'yan dako na wani baƙo ne mai ƙaramar ƙafa. Na cusa tawa a ciki da safa biyu, na ce kafin a samu wani.

Sai ga wani saurayi da budurwarsa. Ya ja Lahsan gefe ya raɗa masa cewa a ƙololuwa zai nemi aurenta, ita ba ta sani ba. Yana son wanda zai hau masa da kaya har can: ƙafar kyamara, darduma, butar shayi, da furanni da ya naɗe cikin bargo. A ƙa'ida ɗan dako a masauki yake tsayawa, ba ya wucewa. Lahsan bai gama tambayar wa zai hau ba na ce ni zan je.

"Sani Soyayya," in ji Bawa, "ka ji an ce aure jikinka na ɓari. Auren wa? Ko goro ba za a ba ka ba. Dubi takalminka."

"Yaya Bawa, sau ɗaya dai in gani da idona."

"Ka gani. Allah Shi kai ka, Shi maido ka."

Da asuba muka tashi daga masauki. Hawan bai ba ni wuya ba, don mai tafiya jininsa na gudu. Muka isa ƙololuwa da hantsi, muka tarar gajimare ya rufe ko'ina, ko tafin hannunka da ƙyar kake gani. Saurayin ya ce a jira rana. Suka zauna bisa darduma cikin riguna masu kauri kamar katifa, suna shan shayi. Ni aka tsayar in riƙe ƙafar kyamara don kada iska ta kayar da ita. Lahsan ya yi mini alama in riƙa buga ƙafa a ƙasa. Da na fara, saurayin ya ɗaga hannu, wai hoton na rawa. Na tsaya cik. Yatsuna suka yi ta sara kamar ana soka allura, ina cije baki. Can sai ciwon ya ɗauke. Na tuna maganar Lahsan sarai. Amma a daidai lokacin gajimaren ya fara yayewa.

Ba zan yi wa littattafan ƙarya ba, abin ya yi kyau. Rana ta faɗo kan duwatsun suka yi ta ƙyalli kamar an shimfiɗa farin yadi daga nan har ƙarshen duniya, can kudu kana hango jan hamada. Ya durƙusa a gabanta da furannin da sanyi ya riga ya ƙona musu baki. Ta rufe fuska tana kuka, ta gyaɗa kai. Na saki hannu ɗaya na buga a cinyata don in taya su murna. Duk yadda na karanta haka ya faru. Abin da ba a taɓa rubutawa ba shi ne mai riƙe da ƙafar kyamara.

A saukowa ji nake kamar a kan guntayen itace nake tafiya. Lahsan ya lura, ya ce in yi gaba in jira shi a masauki, kada in bari kowa ya taɓa ni, shi zai biyo da baƙin don budurwar ta gaji. Na isa wajen la'asar. Bawa na ɗakin 'yan dako a gaban kaskon garwashi. Yana ganin tafiyata ya miƙe. Da wuƙa ya yanke igiyar takalmin. Yatsun sun yi fari kamar sabulu. Ya ƙwanƙwasa babban da farce, muka ji ya yi ƙara.

"Innalillahi. Matso nan."

"Yaya, Lahsan yac ce a jira shi. Yac ce ban da wuta."

"Lahsan ya haihe ka? Ni zan koma Unguwar Rogo in ce ma tsohuwarka ina kallo ƙahwarka ta mutu? Miƙo!"

Ku da kuka tashi a garin nan kun san ƙane ba ya ja da wa, balle wanda ya kawo ka, ya raba burodinsa da kai. Kuma jikina rawa yake, wutar tana kirana. Na miƙa. Ya jawo kasko, ya riƙe dugadugaina a bisa garwashin, ta hagu ta fi kusa. Ya zuba man zaitun ya yi ta murza yatsun da ƙarfinsa na mai tura kura, yana addu'a, yana cewa, "Ka ji ɗumi? Hwaɗi in ka ji." Ban ji komai ba. Ƙafar da ta daskare ba ta sanin tana ƙuna. Hancina ne ya fara sani.

Da Lahsan ya shigo ya ga abin da ake yi, ya sa ƙafa ya ture kaskon, garwashi ya watse a ɗaki. Ya yi ta faɗa da yarensu yana riƙe kai. Bawa ya ɗauka raini ne, har ya naɗe hannun riga, sai da sauran 'yan dako suka shiga tsakani. Kafin magariba ƙafar ta narke, ta kumbura, ta yi bororo. Ciwon da ya zo bayan nan ba na ba da labarinsa.

Da safe sama ta sake haɗewa, dole a sauka. A doka ɗauka ta ya kamata a yi. Amma saurayin da budurwarsa suna da jirgin da za su kama, bayan kowane ɗan dako kuma akwai jakarsu. Ba wanda ya gaya musu halin da nake ciki, su ma ba su tambayi ina mai riƙe musu ƙafar kyamara ba. Aka naɗe mini ƙafa da tsumma, aka cusa cikin wani ƙaton takalmi, na taka. Mun yi nisa Bawa ya waiwayo ya ga ina jan jiki. Ya kwance jakar baƙin ya jefar a kan ƙanƙara, ya durƙusa ya ce in hau. Ya goya ni kamar uwa har inda alfadarai suke. Amma ƙafar ta riga ta sake daskarewa.

A asibitin birni likitan ya duba ya yi tsaki. Ya tambaye ni da Larabci wa ya gasa ta. Ya ce da sanyi ne kaɗai, da ƙananan yatsu zai ci ya bar sauran. Wuta da murza da sake takawa ne suka cinye gaban ta hagu duka. Bawa na tsaye a kaina, idonsa ja wur.

"Mi yac ce?"

"Yac ce ƙaddara ta, Yaya."

Aka yanke abin da za a yanke. Sana'a ta ƙare, don haƙoran ƙarfe ba sa zama a rabin ƙafa. Bawa ya ce ba zai ƙara kwana a ƙasar ba, ya dawo da ni gida. Shi ya nemo mini wannan rumfa, shi ya kai ni wurin wanda ya koya mini ɗinkin takalmi. A hankali kuma ya gina labarinsa. A wurin suna, a wurin ɗaurin aure, a bakin masallaci, yakan ce da bai yi maza ya hura wuta ba da tun daga gwiwa za a sare. Yana faɗa yana dafa kafaɗata. Ni kuwa in ce, "Haka ne, Allah Ya saka." Labarin bai cuci kowa ba, don ba a yin ƙanƙara a Sakkwato.

Ana saura 'yan kwanaki Nasiru ya tafi, suka zo rumfata shi da ubansa don in zaɓa masa takalmi. Samarin na zaune. Na ciro wani mai kauri da na daɗe da ɓoye masa. Ya sa, ya ce ya yi masa yawa.

"Haka nike so," na ce. "Motsa yatsunka. Suna wasa? To shi ke nan."

Bawa ya gyara zama, ya ɗaga yatsa. "Kuma ka ji in gaya maka, in sanyi ya kama ƙahwarka kar ka tsaya jin surutun mutanen can. Nemi wuta, ka murza da ƙarhi. Tambayi Babanka Sani, ga shi nan."

Duk suka juyo suna kallona. Nasiru na gyaɗa kai, ya riga ya haddace. Na aje allura. Na kwance takalmina na hagu, na zaro tsumman da nake cusawa a gaba, na cire safa. Yawancinsu ba su taɓa gani ba. Na nuna wa Nasiru gefen tafin, inda fatar ta yi sumul tana sheƙi.

"Wanga tabo ba na ƙanƙara ba ne. Ƙanƙara ba ta barin irin shi. Ƙuna ta. Sanyi ƙananan yatsu ya so ɗauka, wuta ta ɗauki sauran."

Wani ya kashe waƙar da ke tashi a wayarsa.

"Sani," in ji Bawa a hankali, "likita ya hwaɗi haka?"

"Ya hwaɗi, Yaya."

"Kai kuma kac ce mani ƙaddara."

"Ai ƙaddarar ce. Amma ba ni son ta bi Nasiru."

Ya daɗe yana kallon ƙafar. Ya miƙa hannu kamar zai taɓa, ya fasa. Ya tashi ya kaɗe rigarsa ya tafi, ko sallama babu. Nasiru ya yunƙura zai bi shi, na riƙe masa hannu na zaunar da shi. Na faɗa masa dokar Lahsan tun daga farko, na sa ya maimaita mini har ya daina tuntuɓe.

Ranar tafiya na je tasha. Bawa na can, mun gaisa kamar waɗanda suka haɗu a layin asibiti. Da direba ya tayar da mota, ya kama hannun ɗansa ta taga, bai dubi inda nake ba, ya ce da ƙarfi yadda zan ji, "Abin da Babanka Sani ya hwaɗa maka, shi za ka yi. Nawa ka bar shi nan."

Motar ta tashi. Muka fito bakin titi, hanyarmu ɗaya. Tun dawowarmu daga Maroko Bawa bai taɓa tafiya ya bar ni a baya ba, kullum yakan rage sauri ya yi kamar shi ne ya gaji. Ranar ya sa kai gaba. Na bi shi da ido har ya sha kwana.